Sa ido, sirri da "gani ya kori ji": tambayoyi kan kyamarar jikin 'yan sanda

Tambaya: Malam, na ji a labarai an ce majalisar wani birni a Amurka tana "sa ido" kan kyamarar da ake maƙala wa 'yan sanda a ƙirji. Sa ido ba abin zargi ba ne?

Amsa: Kunnenka bai yaudare ka ba. In an ce wane ɗan sa-ido ne, ana nufin mai shiga abin da babu ruwansa. Amma in hukuma ce ta sa ido kan abin da aka damƙa mata, aikinta take yi. Hurumi ne ya raba su. A Amurka yawancin rundunonin 'yan sanda na birni ne ko na gunduma, majalisa ce ke amincewa da kuɗin sayen kyamarar, don haka tana da ta cewa. Birnin Oakland ma ya kafa kwamitin ba majalisa shawara kan sirrin jama'a a 2016. "Bin diddigi" kuwa ya fi sa ido ƙunci: duba rajistar da ke nuna wa ya buɗe bidiyo, yaushe, ya kwafa ko ya goge.

Tambaya: Tunda gani ya kori ji, ashe kyamara ta kashe gardama ke nan?

Amsa: Karin maganar tana fifita ganau a kan jiyau ne, ba ta ce ganau ya ga komai ba. Kyamarar ƙirji gaba kawai take kallo. Ɗan sanda zai waiga ya ga abu, ita ba ta gani ba. In ya ɗaga hannu biyu da bindiga, hannun ya tare ta. Da yawa daga cikin kyamarorin kamfanin Axon suna riƙe daƙiƙa 30 na kafin a danna maɓallin ɗauka, galibi babu sauti, ga shi kuwa sau da yawa a nan ne maganar da ta tada rikici take. In ba a danna ba sam, galibi babu abin da za a gani.

Bincike ma bai zo da baki ɗaya ba. A Rialto ta Kalifoniya, gwajin 2012 zuwa 2013 ya nuna ƙorafin jama'a ya ragu ƙwarai. Na birnin Washington da aka fitar a 2017, mai 'yan sanda sama da 2,000, bai ga wani bambancin a zo a gani ba. A ganina ƙa'idar aiki ta fi na'urar nauyi: yaushe kunnawa ta zama dole, mene ne hukuncin wanda ya ƙi, kuma ko jami'i zai kalli bidiyo kafin ya rubuta rahoto. In rundunar da ake ƙorafi a kanta ita ce kaɗai ke yanke abin da za a fitar, karin maganar da ta dace ita ce "an ba kura ajiyar nama".

Tambaya: Ranka ya daɗe, "sirri" ko "asiri", wanne ya dace da haƙƙin wanda aka ɗauka a bidiyo?

Amsa: Tushensu ɗaya ne a Larabci, amma Hausa ta raba musu aiki. Sirri abin da mutum ya keɓe wa kansa ne, ko da babu aibi a cikinsa: cikin ɗakinsa, rashin lafiyarsa, fuskar 'ya'yansa. Asiri kan zo da rufi ko tono, wato abin da bayyanarsa ke jawo kunya ko cuta, ban da ma'anarsa ta sihiri. Don haka "haƙƙin sirri" za a ce. Matar da ta kira 'yan sanda saboda duka a gida ba ta yi laifi ba, amma kyamara ta shiga har uwar ɗaka. Sakin bidiyon yadda yake tonon asiri ne.

Shi ya sa ake dusashe fuskoki, a cire sunaye da adireshi kafin a saki, aikin da kan ci sa'o'i a kan bidiyo gajere. Ana kuma yanke wa'adin ajiya: 'yan sandan Landan kan goge wanda ba shaida ba ne bayan kwana 31, dokar Illinois ta ce kwana 90. Sai dai a lura, ba komai ke hannun majalisar birni ba. Kalifoniya ta wajabta sakin bidiyon harbi cikin kwana 45, sai in akwai dalilin jinkiri, a Karolina ta Arewa kuwa tun 2016 sai da umarnin kotu, ko da majalisar birnin ce ke son a fitar.