Tambaya da amsa: Nowel ta ƙarato, zuciyata kuwa shiru

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni 'yar ikilisiya ce a nan Damagaram, a Sabon Gari nake zaune. Maigidana ya rasu a watan Agusta, ya bar ni da yara uku. Ga Nowel ta ƙarato, zumuntar mata sun fidda anko, kowace yamma ana koyon waƙa, ni kuwa ko ɗigon murna babu a raina. In na buɗe baki zan rera sai in ji kamar ƙarya nake yi wa Allah. Wata 'yar'uwa ta ce mini duk wanda haihuwar Mai Ceto ba ta faranta masa rai ba, ya binciki bangaskiyarsa. Baba, tawa ta mutu ke nan?

Amsa: 'Yata, sannu da rashi. Allah ya ta'azantar da ke, ya raya marayun nan. Bangaskiyarki ba ta mutu ba. Wanda tasa ta mutu ba ya jin tsoron yi wa Allah ƙarya a cikin waƙa. 'Yar'uwar nan da niyyar alheri ta yi magana, amma ta ɗora miki kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa kowa ba.

Labarin haihuwar Yesu a wuri biyu kawai aka ba da shi dalla-dalla: sura 1 da 2 na Matiyu, da sura 1 da 2 na Luka. Ki zauna ki karanta su a hankali, ki lura da mutanen da labarin ya iske, ki ga yadda kowanne ya karɓe shi. Masu murna a fili suna nan. Makiyaya sun tashi da gaggawa cikin dare, suka tarar da jariri kwance a komin dabbobi, suka koma suna yabon Allah. Su muke kwaikwayo a majami'a ranar 25 ga Disamba, kuma daidai ne. Sai dai ba su kaɗai ba ne a cikin labarin.

Dubi Yusufu. Ki bincika Linjila huɗun nan daga farko har ƙarshe, ba za ki sami kalma ko ɗaya da aka rubuta daga bakinsa ba. Abin da ya fara zuwa masa shi ne labarin da zai karya zuciyar kowane namiji: yarinyar da aka yi masa baiko da ita tana da ciki, kuma ya san ba nasa ba ne. Matiyu 1:19 ya ce ya ƙudura ya rabu da ita a asirce don kada ya tona mata asiri. Da mala'ika ya yi masa magana cikin mafarki, bai yi waƙa ba. Ya farka, ya kai matarsa gida. Daga baya ya ɗauke ta da tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar da ta kusa nisan Damagaram zuwa Tanut, a zamanin da babu mota. Aka sake tashinsa cikin dare aka ce ya gudu Masar da jariri, ya tashi ya gudu. Bangaskiyar mutumin nan a ƙafafunsa take. Ke ma da kike tashi da asuba cikin sanyin hunturun nan, ki jira mai garuwa, ki ɗora ruwan wankan yara, ki shirya su zuwa lakwal, kina riƙe amanar da Allah ya bar miki, irin aikin Yusufu kike yi ko da bakinki a rufe yake.

Maryamu ma, mun fi tunawa da waƙarta ta yabo, muna manta cewa Luka ya ce gaisuwar Jibra'ilu ta dame ta ƙwarai, kuma abin da ta fara furtawa tambaya ce: yaya wannan zai yiwu? Ba a tsawata mata ba. Sai bayan ta sami amsa ta ce ita baiwar Ubangiji ce. A daren haihuwar kuma, makiyaya na ta ba da labari, mutane na ta mamaki, ita kuwa ta yi shiru tana ajiye al'amuran a zuciya tana juya su (Luka 2:19). Ko Zakariya, firist dattijo da ya nemi tabbaci a gaban mala'ika har aka ɗaure harshensa tsawon cikin matarsa, Allah bai fasa ba shi ɗan ba.

Wurin da nake so ki daɗe a kansa shi ne Luka 2:22-38. Da kwana arba'in suka cika aka kai yaron Haikali, hadayar da iyayen suka miƙa kuwa tsuntsaye biyu ce, kurciyoyi ko 'yan tattabarai. A Littafin Firistoci 12:8 wannan sassauci ne ga matar da ba ta da halin ɗan rago. Talakawa ne ke nan, suka kawo abin da ƙarfinsu ya kai, aka karɓa. A nan tsoho Saminu ya rungumi jaririn, ya sa albarka, sa'an nan ya dubi uwar ya ce takobi zai soki zuciyarta. Mai jego aka faɗa wa wannan, da ɗanta a hannu! A gefe kuma ga Hannatu, wadda shekara bakwai kacal ta yi tare da mijinta kafin ya rasu, har ta kai tsufan da Luka ya ambata da shekara 84, ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana. Macen da ta san irin daren da kike kwana a ciki tana cikin waɗanda suka fara gane Almasihu. Matiyu kuwa bai rufe nasa labarin ba sai da ya kawo kukan uwayen Baitalami da Hirudus ya kashe musu 'ya'ya, ya ɗauko maganar Irmiya 31:15 a kan Rahila mai kuka da ta ƙi a rarrashe ta. Ruhun Allah bai share hawayen nan daga labarin Kirsimeti ba, don haka kada wani ya ce naki ba su da wurin zama a majami'a.

In akwai waɗanda halinsu ke ba ni tsoro a labarin, manyan firistoci ne da malaman Attaura. Da masana taurari suka zo daga gabas, firistocin da malaman nan ne suka buɗe Mika 5:2 suka nuna Baitalami ba tare da kuskure ba. Tsakanin garin da Urushalima bai wuce kilomita 10 ba, amma ba mu karanta cewa ko ɗayansu ya taka ya je ba. Sani suke da shi, abin bai dame su ba. Ke kuwa ya dame ki har kin rubuto.

Wannan darasi a nan garin na koye shi. Bayan ƙone-ƙonen majami'u na ranar 16 ga Janairun 2015, Nowel ɗin da ta biyo baya ta same mu da bango mai baƙin hayaƙi. Akwai wata tsohuwa da ba ta rera ko baiti ɗaya ba a sujadar ranar. Amma tun kafin gari ya waye na tarar da ita da tsintsiya, ta yafa tsohon zane saboda sanyi, ta share wurin tas, ta jera bencina, ta koma can baya ta zauna tana share ido da gefen mayafi. Har yau in na karanta labarin Hannatu fuskarta nake gani.

Game da ranar kanta, ki kwantar da hankali. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, bai kuma umarci a yi biki ba. Tsohuwar shaidar da ake da ita ta yin bikin a 25 ga Disamba daga birnin Roma take, ta shekarar 336, 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar kuwa sai 7 ga Janairu suke nasu. Al'ada ce mai kyau ta ikilisiya, amma rashin jin daɗi a ranar ba zunubi ba ne.

Saboda haka kada ki ci bashi don anko. Ki sa abin da kike da shi. Ki je sujada ko da a bencin baya za ki zauna, in waƙa ta ƙi fita ki saurara kawai, in kuka ya zo ki bar shi. A gida ki yi addu'a da Zabura 13 ko 42, kalmomin masu baƙin ciki ne da Allah ya yarda a faɗa masa. Ki sami uwa ɗaya a zumunta wadda ita ma ta taɓa rasa miji, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini. In kuma barci da cin abinci sun gagare ki mako bayan mako, ki ga likita, wannan ba ya rage bangaskiya da komai. Yaran kuwa ki bar su su yi murnarsu. In Allah ya hore ɗan abin dafawa, ki zuba shinkafa a kwano ki aike su da ita gidajen maƙwabtan da suka zauna makoki tare da ke a watan Agusta, Kirista da Musulmi, su ce Mama tana gaisuwa, tana godiya.