Ta yaya zan saka umarni nawa na kaina a cikin menu na Inkscape?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ina aiki a shagon buga katin biki da kalanda, kwanan nan na koma manhajar zane ta Inkscape saboda kyauta ce. Matsalata kowane kati sai na rubuta sunan shagonmu da hannu a can ƙasa, kullum abu ɗaya. An ce min ana iya ƙirƙirar umarni a saka shi a menu a riƙa dannawa kawai. Na kwafo wani kod na Python a intanet na ajiye amma ban ga komai ya fito ba. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh gyaran ba a kod ɗin yake ba tukuna, domin a Inkscape ba Python ne ke saka abu a menu ba. Fayil biyu ake buƙata, kai kuma ɗaya ka ajiye. Akwai na .py wanda shi ke yin aikin, sannan akwai wani ƙarami mai ƙarewa da .inx wanda shi ke gaya wa Inkscape sunan umarnin da inda zai zauna da kuma fayil ɗin da za a kira idan an danna, in babu wannan na biyun ko kod ɗinka ya kai shafi ɗari Inkscape ba ta ma san da zamansa ba.

Ga yadda na .inx yake, da XML ake rubuta shi, ka sa masa suna hatimi.inx:

<inkscape-extension xmlns="http://www.inkscape.org/namespace/inkscape/extension">
<name>Saka Hatimi</name>
<id>shago.kati.hatimi</id>
<effect>
<object-type>all</object-type>
<effects-menu><submenu name="Kayan Shago"/></effects-menu>
</effect>
<script><command location="inx" interpreter="python">hatimi.py</command></script>
</inkscape-extension>

Abin da ka rubuta a name shi ido zai gani a menu, submenu kuma shi ne rukunin da zai shiga a ƙarƙashin Extensions, kuma ba sai akwai shi tun da ba, duk sunan da ka ba shi Inkscape za ta buɗe masa gurbi. Shi id ba mai ganinsa amma kar ya yi iri ɗaya da na wani umarnin, mutane na kwafar fayil su canza name su manta da id sai su yi ta mamakin me ya sa ɗaya kawai ke fitowa.

Shawarata kar ka fara da rubuta aikin gaba ɗaya. Ka sa wannan kaɗai a hatimi.py tukuna:

import inkex
class Hatimi(inkex.EffectExtension):
    def effect(self):
        inkex.errormsg("Na iso")
Hatimi().run()

Sai ka zuba su biyun a folda ɗaya. Ba sai ka yi ta lalube ba, shiga Edit, Preferences, System, za ka ga layin User extensions da adireshin foldar. Ka rufe Inkscape gaba ɗaya ka sake buɗewa don lokacin tashi kawai take karanta waɗannan fayilolin. In ka ga Kayan Shago a Extensions ka danna akwati ya fito ya ce Na iso, shikenan hanya ta buɗe, sauran aiki ne na ƙara layi.

In kuma bai fito ba, abu na farko da nake dubawa a kwamfuta mai Windows shi ne sunan fayil ɗin. Notepad na da halin liƙa .txt a ƙarshe, Windows kuma ta ɓoye shi, kai kana ganin hatimi.inx alhali ainihin sunansa hatimi.inx.txt ne. Na biyu alamar &, masu shago na son ta sosai a suna, amma a XML in ka rubuta ta tsirara fayil ɗin ya lalace kenan, sai dai ka rubuta &amp; a madadinta. Haka in za ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ a sunan menu ka tabbata da tsarin haruffa na UTF-8 ka ajiye fayil ɗin. Akwai kuma wani fayil extension-errors.log a foldar saitin Inkscape, ka leƙa shi, wani lokacin yana faɗin abin da ya hana.

Kod ɗin da ka kwafo ma ka duba shekarunsa. Tun Inkscape 1.0 da ta fito a 2020 aka koma Python 3 kuma aka sake fasalin inkex, wato kayan aikin Python da ake rubuta wa Inkscape umarni da su, to darussa da yawa da ke yawo na zamanin 0.92 ne. In ka ga _name da ɗan layi a gabansa, ko reldir, ko affect a ƙarshen kod, tsohon yayi ne, wani zai yi aiki da gargaɗi wani kuma ba zai tashi ba sam.

Yanzu wajen da ya fi kama mutane. Idan ka danna umarnin Inkscape na ajiye kwafin zanenka ne a matsayin SVG na wucin gadi ta miƙa wa kod ɗin, shi ya gyara ya dawo mata da shi ta hanyar da print ke fitar da rubutu. Kaga kenan in ka sa print don ka ga ko kod ɗin na tafiya, rubutunka zai cakuɗe da zanen ya ɓata abin da za a dawo da shi, shi ya sa na sa errormsg a sama. Kamar ka aika yaro da takardar banki ne ya yi ta zane a kanta a hanya.

Shi rubutun sunan shagon abu ne mai sauƙi, inkex.TextElement za ka ƙirƙira ka ba shi rubutu da x da y, wato inda zai zauna a shafi, sannan ka ɗora shi a kan self.svg.get_current_layer(). Kawai kar ka rubuta lamba kai tsaye kana zaton milimita ce, ma'aunin cikin takarda ya danganta da yadda aka buɗe ta, ka yi amfani da self.svg.unittouu("5mm") ta juya maka. In ba haka ba hatimin da ya zauna daidai a katin ɗaurin aure zai iya faɗawa wani wajen a kalanda. Kuma ka lissafa y daga tsawon shafin ka cire, kar ka kafe shi wuri ɗaya.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, irin wannan umarnin a ƙarƙashin Extensions kawai yake zama, ba za ka kai shi File ko Object ta wannan hanyar ba. Ni dai ban ɗauke shi matsala ba, don a Preferences, Interface, Keyboard za ka iya nemo shi ka ba shi maɓallin gajeriyar hanya, wanda ma ya fi menu sauri ga mai kati hamsin a gabansa. In akwai abokan aikinka da ke kan CorelDRAW har yanzu wannan fayil ɗin ba zai yi musu ba, nasu makro ne na VBA, sai su jawo shi zuwa menu ta Customization.