Amsa: Silon motata ya yi yawa

Ɗan'uwa, ka ce ko injin ya ɗumama allurar da ke nuna juyin inji a minti ɗaya ba ta sauka daga 1,500 a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba. Da sanyin safiya hakan ba laifi ba ne, amma in ya yi zafi ya kamata ta koma tsakanin 600 da 900.

Kar ka fara taɓa sukurun silo tukuna. Duba wayar totur, wataƙila ta ɗaure, ko tabarmar ƙafa ta danne feda. Sannan ka kasa kunne kusa da ƙananan tiyo-tiyon iska. In ɗaya ya tsage za ka ji yana huci, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Ni nan na fi zargi.

In motar mai kafireta ce, duba ko cok (marfin da ke rage iska don tada inji da sanyi) ya maƙale, sannan ka sassauta sukurun kaɗan-kaɗan. In injekta ce, kwamfuta ke riƙe da silon, sai dai a wanke bakin totur a sa na'urar bincike.