Inshorar Cinikin Kamfanoni: Ta Ina Ake Shiga, Kuma Yaya Albashin Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni lauya ne, na gama hidimar ƙasa bara, ina aiki a wani ofishin lauyoyi a Gombe. Na ji ana cewa wasu lauyoyi na komawa kamfanonin inshora suna auna haɗarin da ke cikin sayen kamfanoni, wai kuma akwai kuɗi a ciki. Mene ne aikin, ta ina ake shiga, kuma nawa ake samu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Barista. Misalin yana kusa da kai. A Disambar 2024 kamfanin Holcim ya sanar da sayar da kusan kashi 84 cikin 100 na Lafarge Africa, uwar simintin Ashaka, ga kamfanin Huaxin na ƙasar Sin. A irin wannan ciniki mai sayarwa kan rattaba hannu a kan jerin tabbaci: babu ɓoyayyen bashin haraji, takardun filaye da lasisin haƙar dutse suna nan daram, babu wata shari'a a kotu da ba a faɗa ba, littattafan kuɗi gaskiya ne. In daga baya ɗaya ya zama ba haka ba, mai saye ya yi asara. Inshorar da kake tambaya ita ke biyan wannan asarar, maimakon a bi mai sayarwa kotu. A Ingila ana ce mata W&I, a Amurka R&W.

Aikin mai auna haɗari karatu ne da sauri. Dillalin inshora, irin su Marsh, Aon ko Howden, zai turo daftarin yarjejeniya, ka ba da farashi na wucin gadi cikin kwana biyu ko uku. In an zaɓe ka, sai a buɗe maka rumbun takardun kamfanin da rahotannin binciken ƙwaƙwaf na lauyoyi, akantoci da masana haraji. Ka karanta, ka rubuta tambayoyi, a yi zaman waya da mai saye da mashawartansa, sannan ka yanke wane tabbaci za ka ɗauka, wane za ka gyara lafazinsa, wane za ka cire. Duka cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da mai saye ya riga ya sani ba ya shiga, haka hasashen ribar gobe da giɓin kuɗin fansho.

Duba lissafin, don daga nan albashin ke fitowa. A ce an sayi kamfani dala miliyan 100, aka ɗauki inshorar miliyan 10. In farashin kashi 3 cikin 100 na miliyan 10 ɗin ne, kuɗin da kamfanin inshora zai karɓa dala 300,000 ke nan, sau ɗaya, alhali alhakin haraji na iya kai shekara 6 ko 7 a wuyanku. Diyya ɗaya cikakkiya ta cinye kuɗin inshorar da aka karɓa a ciniki 33 irin wannan. Galibin matsalolin daga littattafan kuɗi da haraji suke fitowa, musamman inda binciken mai saye ya tsallake wani reshe ko wasu shekaru, mai aunawa kuma bai lura ya cire wurin ba.

Shi ya sa ba a ɗaukar sabon shiga. Yawancin masu wannan aiki lauyoyin ciniki ne da suka yi shekara 3 zuwa 5 suna rubuta yarjejeniyar sayen hannun jari, sai akantoci da masana haraji. Gaskiya, shari'ar fili da gado a babbar kotun Gombe ba za ta kai ka can ba, komai ƙwarewarka. Kasuwar tana Landan, inda Lloyd's, babbar kasuwar inshora, take, da New York, kuma cinikin Afirka ma yawanci a Landan ake auna shi. Hanyarka ita ce sashen cinikin kamfanoni a manyan ofisoshin lauyoyi na Legas ko Abuja. Ka haddace dokar kamfanoni ta CAMA 2020, ka san yadda FCCPC, hukumar kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, ke amincewa da haɗewar kamfanoni, ka iya karanta bayanin kuɗin kamfani ba tare da akanta a gefenka ba. Wannan na ƙarshen ne ke kayar da lauyoyi da yawa. Jarrabawar cibiyar ƙwararrun inshora (CIIN) ko ta ƙwararrun haraji (CITN) ƙari ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin cinikin da ka yi da hannunka. Lokacin ma ya dace: tun Maris 2024 da Babban Banki ya ɗaga jarin manyan bankuna zuwa naira biliyan 500, aikin haɗewa da tara jari ya ƙaru.

Batun kuɗi, ma'aunin shi ne albashin da lauyan ya bari a ofishin lauyoyi. Manyan ofisoshin Landan sun kai fam 150,000 a shekara ga sabon lauya a 2024, na New York dala 225,000. Tsabar albashin mai auna haɗari yakan gaza na takwaransa a irin waɗannan ofisoshi, sai dai ya fi samun dare da ƙarshen mako. Ragowar garaɓasa ce, wadda ta dogara da kuɗin da ya shigo da kuma ƙarancin diyyar da aka biya. A ƙananan kamfanonin da ke aunawa a madadin masu inshora, manyan ma'aikata kan samu kaso daga riba, amma sai bayan shekaru, in alhakin ya ƙare lafiya. Kuma kasuwar tana hawa da sauka: a 2021 cinikin kamfanoni a duniya ya haura dala tiriliyan 5, ana rububin ma'aikata, da kuɗin ruwa ya tashi a 2022 sai ciniki ya ja baya, garaɓasa ta bi shi. Don haka in an yi maka tayi, ka tambayi nawa ne tabbatacce, nawa ne sai an ci riba, kuma da wane ma'auni ake lissafa ta.