Amsa ga mai neman bindigar farko ta harbin faifai

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, aiki ne ya hana ni zama. Ka ce abokan aikinka a Dallas sun ja ka filin harbin faifai, wasan nan da inji ke cilla faifan yumɓu sama ana harbinsu da bindiga, abin ya shiga ranka, kana da kamar dala 1,000 a hannu, kuma ka rasa wacce za ka ɗauka tsakanin sabuwar mai baki biyu sama da ƙasa 'yar araha da fam-akshin, wacce ake jan hannunta baya da gaba a ɗora harsashi, ta dala 300. Ni dai a gani na ba ko ɗaya a ciki, amma bari mu bi a hankali.

Da farko wace takarda kake zaune da ita a ƙasar nan ta Amurka? Ba bin diddigi nake ba wallahi. In kai ɗan ƙasa ne ko kana da girin kad to da sauƙi, ka je shago mai lasisi ka cike fom 4473 su tura sunanka FBI a duba, shi kenan. Amma in biza ce irin F-1 ko H-1B, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga ko harsashi sai in kana da lasisin farauta mai aiki na wata jiha, kuma hanin nan har da ta haya da ta aro. Yaranmu ɗalibai da yawa ba su san wannan ba, suna bin abokai kawai. In kana cikin wannan layin ka fara gyara nan tukuna, ka kuma tambayi lauyan shige da fice, kar wasan ƙarshen mako ya taɓa maka takardu.

To fam-akshin. Mossberg 500 da Remington 870 bindigogi ne na gaske, ba mai raina su, da a ce kana da ɗaya a gida sai in ce ɗauko mu tafi. Matsalar wasan nan kusan kowace tasha, wato wurin da ake tsayawa a yi harbi, faifai biyu ake sakar maka, wani lokaci na biyun yana fita da jin ƙarar harbinka na farko, wani lokaci kuma tare za su tashi, to kai da kake koyon bin faifai da ido ga kuma jan hannu baya da gaba tsakanin harbi biyu, kafin ka dawo kan layi na biyun ya kusa ƙasa. Akwai masu yi da ita suna fasa faifai har ka riƙe baki amma sun daɗe ne. Kuma don Allah kar wani ya sayar maka da gajeriyar nan mai inci 18 ta tsaron gida, ba ta wannan aikin ba ce sam.

Mai baki biyu ita ce ke jan ido na sani, ita za ka gani a kafaɗar manyan 'yan wasa. Sai dai tasu Beretta 686 ce ko Browning Citori zuwa sama, sababbinsu sun haura dala 2,000. Abin da ke cin kuɗi wajen ƙera irin wannan shi ne haɗa bakin nan biyu su rinƙa zuba wuri ɗaya, da ƙarfen da zai jure buɗewa da rufewa sau dubbai. 'Yan arahar yawanci don maharbi aka yi su, wanda zai harba kwalin harsashi biyu uku a shekara, marasa nauyi don yawo a daji, kai kuma harsashi 100 za ka ƙona a wuni guda. Bindiga mara nauyi ta fi shuri, kafin tasha ta takwas kafaɗa ta yi tsami ka fara runtse ido kafin ka ja kunama, kuma ɗabi'ar nan in ta kama mutum fitarta da wuya. Wani da muke zuwa tare ya sayi irinta, ba zan kira kamfani ba, ba a daɗe ba bakin ƙasa ya fara ƙin tashi, rabin damina tana wajen gyara yana aron tawa. Ban ce duk haka suke ba, akwai masu CZ da ake ƙerawa a Turkiyya suna yabawa, amma sa'a ce, kuma da kuɗinka ɗaya tilo ban so ka shiga caca.

Abin da zan ce ka saya shi ne sami-oto, wato mai ɗora wa kanta harsashi na gaba, mai aiki da gas, geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin baki), tsawon baki inci 28 ko 30, wacce ake kwance cok ɗinta a sauya, wato ɗan bututun ƙarshen baki da ke matse ƙwayoyin harsashi. Beretta A300 ko Winchester SX4, duka biyun ana samunsu cikin kuɗin nan naka in ka zagaya. Ita mai gas tana ɗibar wani ɓangare na hayaƙin harbin ta tura kwanso waje ta ɗora na biyu, shi ya sa shurinta ke zuwa da laushi. Akwai kuma masu aiki da ƙarfin shurin kansa, irin Benelli da Franchi Affinity da Stoeger M3000, ba sa datti sosai amma sun ɗan fi dukan kafaɗa. Aibin mai gas wanki, in kai malalaci ne za ta nuna maka. Sannan cok ɗaya gare ka ba biyu ba, kuma za ka rinƙa sunkuyawa tsintar kwanso. Cok ɗin ma kar ya dame ka, saka wanda aka rubuta IC a jiki, mai matsewa kaɗan, ka manta da shi shekara guda, na ga masu sauya cok a kowace tasha suna kuskure faifan da ke gaban hancinsu.

Za a ce maka geji 20 ta fi sauƙi ga sabon shiga. Ba lallai ba, bindigar ta fi rashin nauyi don haka shurin kusan ɗaya ne, harsashin 12 kuma ya fi samuwa ko'ina. In ma wata rana kun haɗu da mai 20 kar ku haɗa harsashi a aljihu ɗaya, na 20 ruwan ɗorawa ne, yana iya zurmawa cikin bakin 12 ya maƙale a ɗora wani a bayansa, bindiga ta fashe a hannu.

Abin da ya fi sunan kamfani shi ne ta zauna maka. Wannan bindigar ba ta da saiti na baya, idonka ne saitin, in kumatunka ya kwanta a gindinta ido bai hau layin ba to ko ta dala dubu goma ce gefe za ka rinƙa zubawa. A shago ka rufe ido ka ɗaga ta zuwa kumatu da kafaɗa sannan ka buɗe, me ka gani? A300 tana zuwa da 'yan faranti da ake sakawa a gyara kwanciyar gindin, yana cikin dalilan da nake tura sababbi wajenta. Ka kuma gwada wane ido ne ke jagora, ka nuna abu mai nisa da yatsa ido biyu a buɗe ka rufe ɗaya bayan ɗaya, akwai na-dama da yawa da idon hagu ke ja.

Yanzu lissafi, don nan ne mutane ke shan mamaki. Kwali harsashi 25 ne, zagayen faifai 100 kwali huɗu ke nan, inda nake zuwa in ka haɗa da kuɗin fili fita ɗaya tana kusan dala 100. Fita goma ka kashe kuɗin bindigar. Saboda haka kar ka zuba dubun nan duka a kan ƙarfe, ka rage na katan ɗin harsashi mai 250, girman ƙwaya lamba 7½ ko 8, nauyin ƙwayoyin giram 28, da tabarau da abin toshe kunne, da akwati mai makulli tunda na san akwai yara a gidan. Sai darasi ko ɗaya ne wajen mai koyarwa, ƙungiyar masu wannan wasa ta ƙasa, NSCA, hedkwatarta na nan San Antonio kuma tana da jerin malaman da ta tantance, awa ɗaya da su ta fi katan uku na harbin iska.

In kuma zuciyarka ta nace sai mai baki biyu, to ka yi haƙuri ka ƙara tari ka nemi Citori ko 686 ta hannu, kamar dai yadda Toyota 'yar Kwatano ta fi sabuwar motar da ba a san kanta ba. Ka duba sandar buɗewa ta sama, in tana karkace dama da sauran rai, in ta dawo tsakiya ko ta wuce hagu ta sha aiki. Ka rufe ta ka girgiza ka ji ko tana motsi, ka leƙa cikin bakin da fitila, ka tabbatar cok yana kwancewa bai ci tsatsa ba. Filaye da yawa suna ba da haya, ka harba iri biyu uku kafin ka biya. Ranar Asabar ta sama in Allah ya kai mu zan fita, in kana da lokaci ka yi min magana in zo maka da tawa ka gwada.