Ruwan sama ya jiƙa min kuɗin ciniki, in goge su da dutsen guga?

Tambaya: Malam, albasa nake sayarwa a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi. Ruwan ranar Laraba ya shammace ni, jakar cinikina ta jiƙe sharkaf, kuɗin duk sun manne da juna. Maƙwabcina ya ce in bi su da dutsen guga. In yi?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, amma don Allah ajiye dutsen gugar nan. Na yi shekaru ina karɓar kuɗi a kantar banki, kuma kuɗin da zafi da gaggawa suka lalata sun fi ba ni takaici a kan waɗanda ruwa ya taɓa.

Fara ware na leda, wato naira 5, 10, 20 da 50. Babban Bankin Najeriya ya mayar da naira 20 leda a 2007, sauran ukun a 2009. Ruwa ba ya ratsa su, tsumma kawai za ka sa ka share. Wuta ce ajalinsu. An taɓa miƙo min hamsin da aka goge, ta takure ta murɗe kamar ganda a bakin murhu.

Naira 100, 200, 500 da 1000 kuwa takardar auduga ce, shi ya sa suke jure jiƙa. Sai dai jiƙaƙƙiyar takarda ba ta son ja. In sun manne, kada ka ɓamɓare su da farce. Tsoma damin cikin roba mai ruwa mai tsabta, ka ɗan jira, za ka ga suna sakin juna da kansu.

Daga nan shimfiɗa su ɗai-ɗai a kan busasshen zani, ka rufa wani a sama ka danna da tafin hannu. Dannawa, ba gurzawa ba. Bar su a ɗaki ƙarƙashin fanka, ka ɗora ɗan dutse a kan kowacce. Da sauran ɗan laima, jera su tsakanin fararen shafukan littafin rubutu, ka aza abu mai nauyi su kwana, gobe za su miƙe sambal. Ban da jarida, tawadarta na kama kuɗi.

Abin da na fi jiye maka a wannan damina shi ne ka ƙulle su a leda da danshi, su yi fumfuna da baƙin tabo. Wadda ta yage kuma, haɗa gutsattsarinta yadda lambobinta za su fito, ka kai bankinka a duba a canza maka.