Goggo, ga yadda kaka ke ganin jikanta a Ingila

Goggo, har sau uku na saurari saƙonki kan ƙawarki da aka raba da jikokinta da ke nan Ingila. Kin ce wai da gaske ne a nan sai kaka ta nemi izinin alƙali kafin ta ga jikanta, mu Hausawan nan kuma mun zuba ido? Akwai gaskiya a ciki, amma bari in warware miki zare da abawa, don shekarata 19 a ƙasar nan kuma na taɓa raka wata baiwar Allah har ƙarshen wannan hanya.

Muddin ana zaman lafiya babu ruwan hukuma. Rigima tana tashi ne idan aure ya mutu, ko uban yara ya rasu, wadda yaran ke hannunta ta rufe ƙofa. A nan ne za ki tarar dokar yara ta 1989 ba ta ware wa kaka wani haƙƙi ba. Iko a kan yaro na uwa ne tun ranar haihuwa, sai uba idan aurensu na rajista ne ko sunansa yana cikin takardar haihuwa. Kin san a gida, a mazhabar Malikiyya, idan uwa ta sake aure ko ta rasu, riƙo yana komawa ga mahaifiyarta, ko da yake a al'ada dangin uba sukan karɓe yaro da zarar an yaye shi. To nan ba a bin ko ɗaya. Abin da alƙali ke tambaya shi ne me ya fi wa yaron alheri.

Kakar da ta ƙuduri zuwa kotu, sai ta fara zama da mai sulhu da hukuma ta amince da shi. In abin ya ci tura ta cike takardar da ake kira C100, ta biya sama da fam 200, sannan ta roƙi alƙali ya yarda ma ya saurari ƙarar tata. Tun 2013 aka janye lauyan kyauta daga yawancin irin waɗannan shari'u, don haka tsohuwa ita kaɗai take tsayawa, ko dangi su yi karo-karo.

Hajiyar da na raka, ɗanta ne ya rasu ya bar yaro ɗan shekara 6. Magana ta ɓaci tsakaninta da surukarta tun a zaman makoki, kan maganar mota da kayan mamaci. Wata tara ba ta sa jikanta a ido ba. Ranar da ma'aikaciyar Cafcass, hukumar da ke bincika wa kotu halin yara, ta zauna da ita, ni ce tafinta. Hajiya ta dafa ƙirji ta ce, "Jinina ne, ni na haifi ubansa." Matar ta rubuta, sannan ta tambaye ta yaushe rabon da ya kwana a gidanta, wane abinci yake so, wa yake ɗauko shi daga makaranta. Hajiya ta kalle ni kamar an zage ta. Amma wallahi amsoshin nan ne suka cece ta, domin shekara biyu ita ke zuwa ƙofar makaranta ranar Talata da Alhamis, kuma sunanta yana cikin rajistar waɗanda za a kira idan yaron ba shi da lafiya.

An ba ta Asabar ɗaya cikin biyu. Da farko a wani ɗaki na musamman ake haɗa su, mai kayan wasa, awa biyu cif, da wata mata zaune a gefe. Hajiya ta zo da dambun nama a ƙulle cikin leda. Yaron ya tsaya bakin ƙofa yana leƙe, sai ta ce, "Mijina, ka sake ni ne ban sani ba?" Ya sheƙo da gudu ya faɗa jikinta. Sai da na yi wa matar bayanin wasan kaka da jika, ina yi hawaye na zuba.

Maganar da kika kawo ta a turo yara gida hutu, Goggo, a yi hattara da ita ƙwarai. Tun 1984 laifi ne a fitar da yaro ƙasa da shekara 16 daga ƙasar nan ba da yardar duk mai iko a kansa ba. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 wadda ke sa a mayar da yaron da aka gudu da shi, shi ya sa kotu take ɗar-ɗar. Kaka ta furta cewa za ta kai shi Kano ya yi karatun allo, ko da zuciya ɗaya ta faɗa, magana ce da za ta iya rusa mata komai.

Mu kuwa ba zuba ido muke ba. Kotu ita ce ta ƙarshe a wurinmu, kuma da yawa ba sa kaiwa can. Liman da dattawa biyu sukan je, amma a ganina mata ne ke gyara abin. Mukan je wurin uwar yaran da kanmu, mu zauna a kicin ɗinta mu ji abin da aka yi mata, don sau da yawa akwai ciwon da ba a taɓa ba ta haƙuri a kai ba. Ba na goyon bayan uwar da ke raba yaro da danginsa, zalunci ne a kan yaron kansa. Sai dai na ga surukan da suka zo da gadarar gida, suna cewa 'ya'ya na uba ne, suka koma hannu rabbana.

Inda kaka ke da ƙarfi shi ne idan hukuma ta karɓe yara daga iyayensu: dangi ake fara dubawa kafin bare, kuma tun 2005 akwai riƙo na musamman da kotu ke ba kaka har yaro ya cika 18.

Don haka ki ce wa ƙawarki kada ta sake tura kawun yaran da maganar haƙƙi. Ta kira uwarsu da kanta, ta fara tambayar lafiyarta, sannan ta roƙi kiran bidiyo na minti goma ranar Lahadi. Ki turo mini lambar, in Allah ya yarda zan je gidan kafin azumi.